Ruwa a Tankin Manne

Bayan hutun cin abincin rana aka buɗe murfin babban tankin manne a masana'antar haɗa batir, aka tarar abin da ke ciki ya tsinke, ya yi guda-guda kamar madarar da ta kwana. Ba sai an kira masani ba, kowa ya san wani ne ya zuba masa ruwa. Mannen nan farin gari ne kamar fulawa. Ana narka shi cikin wani sinadari mai wari, a kwaɓa da baƙin garin batir, a shafa a jikin siririn fallen ƙarfe, a busar. Shi ke riƙe garin a jikin ƙarfen. In ba shi, batir na fara aiki garin zai ɓanɓare ya zube. Kuma duk duniya ba abin da ya ƙi jini kamar ruwa, shi ya sa ko kofin shayi ba a yarda a ƙetara da shi ƙofar ɗakin kwaɓi ba.

Kafin a gama jajanta wa juna, ma'aikata sun riga sun yanke hukunci. Injiniya ce. Ita ce ta yi wata da watanni tana damun mutane da wani sabon manne nata da ake narkawa da ruwa zalla. Ita ce suka yi ka-ce-na-ce da Manaja a gaban kowa da ya ce a ɗage gwajin har sai an gama babban aikin da ke hannu. Yanzu tsohon manne ya lalace, nata kaɗai ya rage a sito. Abin da ya ƙara ɗaure ta, ba wanda ya gan ta a lokacin hutu, da aka tambaye ta inda ta je kuma ta ce wannan ba ruwan kowa. Manaja ya zaunar da ita a ofishinsa, ya ce in aka tashi aiki ba a sami wani mai laifin ba, zai miƙa ta ga 'yan sanda, kuma zai tabbatar ba wata masana'antar da za ta sake ba ta ko tsintsiya ta riƙe.

Shi ne aka aika a kira Mai Sawu.

Mai Sawu ya yi shekaru yana bi wa 'yan sanda sawun ɓarayi kafin gwiwa ta ce ya isa haka. Mutum ne da ba ya gaisawa da fuska sai ya fara duba ƙafa, abin da ya sa mutane da yawa suke ɗaukarsa mai kunya, alhali ko kaɗan. Masana'antar ba baƙuwarsa ba ce. Ƙanensa, wanda kowa ke kira Baban Kwaɓi, shi ne shugaban ɗakin kwaɓi tun ranar da aka kafa wurin, kuma 'yar ƙanen, Auta, tana aiki a injin shafe. Baban Kwaɓi ne ma ya tare shi a ƙofa, ya ce Yaya sannu da zuwa, ya karɓi sandarsa, ya ba shi farar riga da hula da takalmin aiki. Mai Sawu ya lura ƙanen nasa ya rame, amma ya ɗauka takaicin tankin ne, don ya san yana ji da shi fiye da yadda wasu ke ji da 'ya'yansu.

A bakin ɗakin kwaɓi akwai wani shimfiɗi mai danƙo da ake takawa don ya kwashe ƙurar takalmi. Ran Mai Sawu ya yi fari da ya gan shi, sai kuma ya baƙanta da ya sunkuya. Kowa a wurin takalmi iri ɗaya yake sawa, tafin ƙasansa ɗaya. Ban da haka, tun da aka ji labari duk masana'antar ta shigo kallo, har da direba da mai gadi, sun tattake wurin kamar an saki garke. Ya miƙe yana dafa gwiwa, ya ce da Manaja a nan dai ba sawu, sai na masu son gulma.

Ya fara da Goggo mai goge-goge, don ita ce mai bokiti. Ba ta bari ya ƙarasa tambaya ba. Ta nuna masa jan layin da aka ja a ƙasa nesa da ƙofar, ta ce tun da ta kama aiki bokitinta bai taɓa ƙetare shi ba, in ya ga dama ya tambayi bokitin. Daga nan ta zarce da abin da ba a tambaye ta ba. Ta ba shi labarin rigimar Injiniya da Manaja tiryan-tiryan, har da kwaikwayon murya. Wai Injiniya ta ce tururin sinadarin da ake narka tsohon manne da shi yana cutar da ɗan da ke ciki, kuma bututun da ke zuƙe tururin a saman injin shafe yana yoyo. Manaja ya ce a saninsa ba mai ciki a wurinsa, bututu kuma za a gyara in an sami sarari. Da Mai Sawu ya juya zai tafi, ta rage murya ta ce ita dai ba ta ce komai ba, amma ta ga Mai Sito ya wuce da gorar ruwa a ƙarƙashin riga lokacin hutu.

Mai Sito dogo ne mai saurin gumi. Da farko ya rantse bai san wata gora ba. Mai Sawu bai yi musu da shi ba, ya bi ɗigon ruwa da ya bushe ya bar tabo a kan simintin sito, ɗigo bayan ɗigo, har bayan tarin kwalaye. A can ya tarar da wata 'yar shuka a cikin gwangwanin fenti, an ajiye ta daidai inda hasken taga ke faɗowa. Mai Sito ya yi tsuru-tsuru, ya ce matarsa ce ta ba shi, don Allah kada Manaja ya ji. Gorar ma ƙarama ce, ba za ta tsinka ko kwano ɗaya na manne ba, balle tanki. Da ya ga ya tsira sai bakinsa ya buɗe, ya ce ai magana a fili take, wanda kayansa za su shiga kasuwa shi ya ɓata na wani. Mai Sawu ya ce ya ƙara wa shukar ƙasa, saiwarta ta fito.

Injiniya tana zaune a ofis ta harɗe hannuwa. Ƙaramar mace ce, ba ta kai yadda ake faɗin ta ba, idonta ya yi ja amma ba ta yi kuka ba. Ya tambaye ta inda ta je, ta ce ta fita. Ya ce ina, ta ce waje. Ya gaya mata abin da ke jiranta in aka tashi aiki, ta ce ta sani, a gabanta aka faɗa. Mai Sawu ya sha ganin masu ɓoye laifi, kuma yawancinsu ba sa rasa labari, har ma sukan ba da fiye da wanda aka nema. Wannan ba ta ko yi ƙoƙarin ƙirƙiro ƙarya ba, abin ya tsaya masa a rai.

"To, bar wannan," ya ce. "Ni ƙasa na iya karantawa, ban iya manne ba. Zo ki nuna mini abin da ruwa ke yi masa."

Manaja ya yarda da ƙyar, ya biyo su a baya. An riga an tsiyaye tankin amma ba a wanke ba. Injiniya ta ɗebo ɗan narkakken manne mai kyau a faranti, ta ɗiga masa ruwa da tsinke. Nan take wurin ya yi farar fata kamar ta saman dafaffiyar madara. Ta ce haka yake, duk inda ruwa ya taɓa sai ya bar shaida, ba ya gogewa sai an kankare. Mai Sawu ya roƙi fitila, ya hau 'yar matakalar da ke jikin tankin yana tsine wa gwiwarsa, ya leƙa.

Ya yi tsammanin ganin fari fatsa-fatsa a ko'ina. Abin da ya gani layi ne guda ɗaya, siriri kamar ɗan yatsa, ya taso daga leɓen tankin a hagun matakala ya gangara bango tiryan har inda manne ya tsaya. Ba ɗigo ko ɗaya a kan muciyar ƙarfen da ke tsakiya, ba fantsama a murfi. Ya kira Injiniya ta hau ta gani, ya tambaye ta yadda za a yi ruwa ya bar irin wannan layi. Ta ce sai dai in a hankali aka zuba shi, bakin jug a jingine da bango, hannu bai motsa ba har ya ƙare. Ta ce haka ake ƙara sinadari don kada iska ta shiga kwaɓi ta yi kumfa, amma ita ba ta iya ba, da famfon inji take ƙara nata. Tana faɗin haka sai ta sauko ba ta kalle shi ba.

Mai Sawu ya sake duban layin. Ya san hannun nan. Bahago ne, kuma ko shayi zai zuba maka a gida sai ya karkata kofi ya bi da shi ta gefe, iyali suna yi masa dariya yana cewa kumfa ɓarna ce. Mai Sawu ya mayar da fitilar. Ya ce da Manaja yana son ya sha iska.

A farfajiya ya zauna a kan wani benci. Abin da ya kasa ganewa shi ne dalili. Mutumin da ke shafa tankin nan da tsumma kamar mai yi wa jariri wanka, me zai sa ya kashe shi da hannunsa? Yana wannan tunani Auta ta fito daga ɗakin shafe, ta cire abin rufe hanci, ta nufo shi tana cewa Baffa ina wuni. Kamar kullum ƙafarta ya fara kallo. Tana ɗan buɗa taku fiye da yadda ya san ta, tana sauke dunduniya a hankali, da za ta zauna kuma sai da ta kai hannu ta tallafi ƙugu. Sau biyu Auta tana yin ɓari, na biyun har sai da aka kwantar da ita, kuma Mai Sawu yana tsaye a barandar asibiti ranar da ƙanensa ya juya wa mutane baya ya fuskanci bango. Bai tambaye ta komai ba. Ya ce ya gajiya, ta ce da sauƙi. Ta tambaye shi ko da gaske za a kama Injiniya, ya ce ana dai dubawa.

Bayan ta koma ya daɗe a zaune. Hanya mai sauƙi a buɗe take. Zai iya cewa an tattake sawu, bai sami komai ba, ya karɓi sandarsa ya tafi gida, ba wanda zai zarge shi. Layin da ke bangon tanki gobe za a kankare shi. Yana son ƙanensa, shi ya goya shi, kuma a zuciyarsa bai ga laifin uban da ya ji tsoro ba. Sai dai in ya yi shiru, yarinyar can da ke ofis za ta kwana a hannun 'yan sanda, ta fito ba suna ba sana'a, a kan abin da ba ta yi ba. Ya ji haushin ƙanen nasa ƙwarai, ba don ruwan da ya zuba ba, don shirun da ya yi tun rana.

Ana gab da tashi aiki ya sa aka tara su a ɗakin kwaɓi: Manaja, Injiniya, Goggo, Mai Sito, Baban Kwaɓi, da Auta da sauran 'yan ɗakin shafe a tsaye ta baya. Ya sa aka turo ƙaramin tankin gwaji wanda ba komai a ciki, aka kawo jug da sinadari. Ya ce ba zai yi wa kowa tambaya ba, kowa dai ya zo ya juye jug ɗaya a ciki. Manaja ya ce wannan wane irin wasan yara ne, Mai Sawu ya ce to shi zai fara. Manaja ya kwara nasa a tsakiya ya fantsama har rigarsa. Goggo ta watsa nata kamar mai zubar da ruwan wanki, tana cewa yau ita ce a cikin jan layi. Mai Sito ya zubar da rabi a ƙasa. Injiniya ta gwada bin bango, amma sinadarin ya yi ta yawo hagu da dama.

Baban Kwaɓi ne na ƙarshe. Ya karɓi jug ɗin, ya tsaya yana kallon yayansa. Ba wawa ba ne, ya gane abin da ake nema tun da aka turo tankin, kuma ba abin da zai hana shi ya kwara a tsakiya kamar Manaja. Mai Sawu ma ya san haka, kuma har cikin ransa bai san wanne yake fata ba. Ƙanen ya zagaya ta hagu, ya mayar da jug ɗin hannunsa na hagu, ya jingina bakinsa da leɓen tanki. Sinadarin ya gangara siriri, layi ɗaya, ba ƙara ba kumfa, har ɗigon ƙarshe. Ya goge bakin jug da tsumma ya ajiye.

"Ni ne," ya ce. "Ku sallami yarinyar nan."

Manaja ya tambaye shi me aka yi masa. Baban Kwaɓi ya ce ba a yi masa komai ba. Ya ce ya zo ofis ya roƙi a ɗauke Auta daga injin shafe, aka ce ba mai maye gurbinta. Ya roƙi a gyara bututu, aka ce sai an gama aiki. Bai iya faɗin dalili ba, don uwar Auta ce ta gaya masa a asirce, ita Auta ba ta ma san ya sani ba. Kullum yana tsaye a nan yana kwaɓa abin da 'yarsa ke shaƙa. Ya ga in tsohon manne ya ƙare, dole a koma na ruwa. Ya ce bai taɓa kawo wa ransa za a ɗora wa Injiniya ba, da aka ɗora mata kuma sai bakinsa ya yi nauyi.

Auta ce ta ratso mutane ta fito gaba, hawaye na zuba. Ta ce Baba, ka san inda Injiniya take lokacin hutu? Tana asibiti da ni. Ta ce ta ga ɗan jini da safe, ta tsorata, ba ta gaya wa kowa ba sai Injiniya, ita ta ɗauke ta a motarta ta ƙofar baya, aka duba aka ce cikin yana nan lafiya, amma ta nisanci tururin. A hanya ta sa Injiniya ta yi mata alkawari ba za ta faɗa wa kowa ba, don ta gaji da a taya ta murna sannan a dawo a yi mata jaje. Tun rana take son ta yi magana, duk lokacin da ta doshi ofis sai Injiniya ta girgiza mata kai ta taga.

Baban Kwaɓi ya juya ya kalli Injiniya. Ita ce ta sauƙaƙa masa, ta ce Baba da ka zo wurina. Ya sunkuyar da kai.

Manaja ba mugu ba ne can can, mutum ne dai da ba ya jin magana sai ta zama asara. Ya ba Injiniya haƙuri a gaban kowa, a gajarce kamar mai haɗiyar magani. Ya ce daga gobe Auta ta koma ɗakin gwaji, kuma a kira masu gyaran bututu. Game da Baban Kwaɓi ya ce ba zai kira 'yan sanda ba saboda shekarun da ya yi, amma ba zai sake taka ɗakin nan ba. Baban Kwaɓi bai roƙa ba. Ya cire makullin ɗakin kwaɓi daga wuyansa ya miƙa, ya gaya wa Injiniya cewa sabon mannenta yana son a fara juya shi a hankali kafin a ƙara gudu, in ba haka ba zai yi ƙulli. Ta ce ta ji.

A ɗakin canza kaya 'yan'uwan biyu suka zauna a benci ɗaya suna cire takalmin aiki. Ƙanen ya rataye farar rigarsa, ya tsaya yana gyara mata wuya duk da ba zai sake sa ta ba. Sannan ya tambayi yayansa tun yaushe ya sani. Mai Sawu ya ce tun da ya leƙa tanki.

"To me ya hana ka ja ni gefe, Yaya? Ka tara mini mutane, har da 'yata."

Mai Sawu ya daɗe yana ɗaure igiyar takalminsa.

"Da na same ka kai kaɗai," ya ce, "da na rufa maka asiri."

A waje Auta na jiransu a bakin ƙofa da jakarta, ba ta san wanda za ta fara kallo a cikinsu ba. Ubanta ya karɓi jakar daga hannunta, ya ce ta daina ɗaukar kaya.